Lesin ɗin litireca da na saka 'yata a dogon hutu, ga yadda na same shi

Tunda aka koma makaranta iyayen ƙawayen 'yata suke ta tambayata wai yaya lesin ɗin nan na litireca, wato adabin turanci, da na saka ta a dogon hutu, ya yi ko kuwa kuɗi kawai na zubar, to bakina ya gaji da maimaitawa gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa hukunci. Wajen yana nan cikin Kano ta ɓangaren Tarauni, gida ne aka mayar da falonsa da ɗakunansa ajujuwa, kuma ba zan kama sunansa ba saboda cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne. Ni dai a ganina in yaronki yana SS1 ko SS2 ki kai shi ba za ki yi da-na-sani ba, in kuwa SS3 yake WAEC ta matso to ki riƙe kuɗinki tukuna ki karanta har ƙarshe.

Yarinyar tawa ajin at (Arts) take, yanzu ta shiga SS3, kuma tun tana JSS take cewa ita lauya za ta zama. Duk wanda ya taɓa cike wa yaro fom ɗin JAMB ya san ba a zancen karatun lauya babu litireca, sai ka rubuta ta a JAMB kuma sai kana da kiredit ɗinta a WAEC ko NECO. Matsalar ita ce a makarantarsu malamin zuwa yake ya cika allo da rubutu su kwafa, taƙaitaccen labari, sunayen 'yan wasa, jigo na ɗaya jigo na biyu, shikenan an gama littafi. Yawancinsu ba su taɓa buɗe ainihin littafin ba, waɗannan ƙananan littattafan taƙaitawar da ake sayarwa a Sabon Gari su suke haddacewa, kamar mutum ya sha romo ya dinga ba da labarin nama. Ita 'yar tawa kuma ga ta da nauyin baki, a gida ta cika mu da surutu amma a ce ta tashi gaban mutum biyar ta yi turanci sai murya ta fara rawa.

Abin da wajen yake yi daban ne da lesin ɗin da muka saba. Ba a ba su not. Ana raba yara gurup gurup, kowane gurup a ba shi littafi ɗaya cikin waɗanda WAEC ta sa na 2026 zuwa 2030, su karanta, sannan su fito gaban aji su gabatar da shi ta wata hanyar da ba tsayawa a karanto takarda ba, ko su mayar da shi zaman kotu, ko hirar gidan rediyo, ko tatsuniya, ko ɗaya ya zauna a kujera a matsayin wani ɗan wasa sauran su yi ta jefo masa tambayoyi yana amsawa da bakin wannan mutumin. Su firzanteshin suke ce masa. Malamai biyu ne suke riƙe da abin, wani magidanci da ya daɗe yana koyarwa a makarantar gwamnati da wata matashiya da yaran suke kira Anti, kuma gaskiya duk abin da zan yaba a nan kusan na malamin ne.

Dokarsa guda ɗaya ce kuma ita ce ta sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba: duk maganar da yaro ya faɗa a kan wani ɗan wasa sai ya nuna inda ya samo ta a littafi, shafi kaza, fitowa ta kaza. In ka ce wane mugu ne zai ce maka to buɗe ka karanta mana inda ya yi muguntar, in ka tsaya kame-kame ka koma ka zauna sai wani satin. Wallahi wannan kaɗai ya kashe haddar taƙaitawa, don littafin taƙaitawa ba zai ba ka shafi ba. Ba a yarda ka riƙe cikakkiyar takarda ba, kwali ake yanka musu ƙanana daidai tafin hannu su rubuta 'yan kalmomin tuni, kowa minti 5 ne da shi kuma akwai mai riƙe da waya yana duba lokaci, yana cika za a buga tebur ko kana tsakiyar jimla. Sannan ana ɗaukar su a waya a kunna musu su kalli kansu, abin da yaran suka fi tsana kenan kuma shi ya fi gyara su, ita tawa sai da ta ga kanta ta yarda cewa tun daga farko har ƙarshe gefen hijabinta take murzawa tana kallon siminti.

Gurup ɗinsu An Inspector Calls aka ba su, wasan kwaikwayon J. B. Priestley ɗan Ingila. Ga wanda bai san shi ba, labarin dare ɗaya ne a ɗakin cin abinci na gidan wani mai masana'anta, Arthur Birling, a shekarar 1912, ana murnar baikon 'yarsa Sheila da Gerald Croft sai ga wani sufeton 'yan sanda mai suna Goole ya shigo ya ce wata yarinya Eva Smith ta sha guba ta mutu, kuma a hankali a hankali ya nuna cewa kowa a teburin nan da hannunsa a ciki. Uban ya kore ta daga aiki don tana cikin waɗanda suka jagoranci yajin aikin neman ƙarin albashi, sule 25 suke nema a sati maimakon sule 22 da sisi, 'yar ta sa an kore ta daga kantin kayan sawa saboda kishi da jin haushi, saurayin 'yar ya ajiye ta na wani lokaci ya rabu da ita, ɗan gidan Eric ya yi mata ciki, uwar kuma da take babba a ƙungiyar taimakon mata ta hana a taimake ta lokacin da ta zo neman agaji. To malamin sai ya ce su yi zaman kotu, a gurfanar da su biyar ɗin, tambaya ɗaya, waye ya fi laifi. Ita aka ba ta lauyar da za ta kare uwar, Misis Birling, wadda duk mai karatu ya fi tsana, ta dawo gida ranar ranta a ɓace tana cewa Umma ni fa an ba ni wadda ba ta da abin karewa, na ce to ai lauya kike son zama.

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa ganin yarinyar nan ta karanta littafi haka ba, ta bi fitowa ta biyu layi layi tana neman abin da za ta riƙe, har ta gano cewa Eva da ta je wajen ƙungiyar da sunan Misis Birling ta gabatar da kanta, kuma labarin da ta fara bayarwa na cewa mijinta ya gudu ya bar ta ba gaskiya ba ne, daga baya ta canza. A kan wannan ta gina kariyarta, cewa mace ta zo da sunan ƙarya da labarin ƙarya, mai riƙe da amanar kuɗin jama'a me za ta yi. Ranar da aka gayyaci iyaye na je na zauna a baya, ta yi bayaninta lafiya lau muryar ba ta yi rawa sosai ba, sai yaron da yake lauyan gwamnati, wani siriri da shi kamar ba zai iya ba, ya tashi ya karanto wajen da matar take cewa uban cikin shi ya kamata a kama a tona masa asiri a gaban jama'a, ba ta san ɗanta take yanke wa hukunci ba, ya ce to ga shi da bakinta ta nuna ba ƙaryar ce ta dame ta ba talaucin yarinyar ne ya sa take ganin ba ta isa ta yi zuciya ba. Ajin ya ɗauki ihu. 'Yata ta sha kaye a shari'ar amma yau in kin tashe ta cikin dare za ta gaya miki waye ya faɗi me a wasan nan.

Wani abin da ya burge ni shi ne malamin bai bar su a labari kawai ba. Akwai inda mai gidan yake cika baki yana cewa ba za a yi yaƙi ba kuma jirgin ruwan Titanic ba zai taɓa nutsewa ba, yaran sun karanta sun wuce ba su ga komai ba, sai ya sa wata yarinya ta zana layi a kwali ta rubuta shekaru, 1912 jirgin ya nutse a watan Afrilu, 1914 yaƙin duniya na farko ya ɓarke, 1945 aka fara nuna wasan kuma a Tarayyar Sobiyet ma aka fara kafin Landan a 1946. Ya ce to ku ɗauka kuna cikin 'yan kallo na farko, kun ga yaƙi biyu da idonku, ga wani mai tumbi a dandamali yana muku rantsuwa ba za a yi yaƙi ba, yaya za ku ɗauki duk maganar da zai faɗa bayan nan. Nan take suka gane cewa marubucin da gangan ya mayar da mutumin abin dariya tun kafin sufeto ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ni kaina da na yi sakandare shekaru da yawa da suka wuce babu wanda ya taɓa koya min littafi a haka.

Sai dai iyaye su sani tun wuri, littafin nan akwai cikin shege a ciki, akwai giya, akwai ajiye mace ba aure, akwai kisan kai, kuma ajin maza da mata ne a haɗe. Ba su suka kawo littafin ba, WAEC ce ta sa shi cikin manhajarta. Malamin dai ya yi dabara, babu wani kwaikwayon abin da bai dace ba, komai a bakin lauya da shaida yake fitowa, mata suna gefe maza suna gefe. Amma na ga wani uba da ya fita bai ji daɗi ba kuma ban ga laifinsa ba tunda ba a gaya masa komai ba kafin ya biya.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne gurup ɗin da suka yi The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland 'yar Ghana, wanda ya fito a 1975. Ananse ɗin nan na mutanen Akan gizo-gizo ne mai wayon tsiya, wato dai Gizon tatsuniyarmu, kuma a wasan uba ne da talauci ya ishe shi har an koro 'yarsa daga makarantar koyon aikin sakatariya saboda kuɗin makaranta, sai ya ɗauki hotonta ya zaga wajen sarakuna huɗu kowa ya sa masa rai, ya sa ita da kanta ta buga wasiƙun a tafireta ba ta san me take bugawa ba. Kyauta ta fara shigowa, ya gyara gida ya sai sutura, sai kawai dukkansu suka aiko cewa suna tafe a tsayar da magana. Da ya ga asiri zai tonu sai ya sa yarinyar ta kwanta wai ta mutu, manzannin sarakuna suka dinga zuwa ta'aziyya kowa yana sakin baki yana faɗin ainihin abin da ya sa ubangidansa yake son auren, har aka zo kan wanda ya ce shi ya ɗauke ta matarsa ko da ba a ɗaura ba kuma shi zai ɗauki nauyin jana'iza, sai gawa ta tashi. Yaran suka shimfiɗa tabarma suka zauna a da'ira, wata ta buɗe da ga ta nan ga ta nanku aji ya amsa ta zo mu ji ta, sannan ta zarce da turanci, ana cikin labari sai 'yan wasa su tashi daga cikin masu sauraro su yi fitowarsu su koma su zauna, a tsakani a yi waƙa da tafi. Na zaci ƙirƙirarsu ce, sai malamin ya bayyana cewa haka ita marubuciyar ta gina wasan, da mai ba da labari da waƙoƙin da suke katse shi, daga al'adar tatsuniyar dare ta mutanenta ta ɗauko.

Muhawarar da ta biyo baya ta ma fi wasan daɗi. Wani yaro ya ce a addini ai ba a nema cikin nema, to Ananse ba wayo ya yi ba damfara ce, wata ta ce to sauran sarakuna ukun wa zai mayar musu da kayansu, a nan Kano da tuni an kai shi gaban alƙali a kan kayan toshi, wata kuma ta tambaya shin ita Anansewa an tambaye ta ma kuwa, malam ya ce buɗe littafi ki gaya mana. Duk da turanci ake wannan, turancin da kuskure a ciki amma ba wanda ya tsaya jin kunya don kowa so yake ya kayar da ɗan uwansa.

A ɓangaren waƙoƙi guda ɗaya na kalla, Not My Business ta Niyi Osundare, wadda take magana a kan zaluncin zamanin mulkin soja. Yaro ɗaya ya zauna a tsakiya da faranti yana cin doya, doyar gaske fa soyayya, ana zuwa ana jan maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya, aka tafi da Akanni, aka tafi da Danladi, Chinwe ta je aiki ta tarar an sallame ta, shi kuma kowane karo ya ɗaga kafaɗa ya ce ina ruwansa tunda ba a taɓa doyarsa ba, har aka zo aka ƙwanƙwasa tasa ƙofar loma tana hannu. Minti 3 suka yi amma babu yaron da ya kalli wannan da zai manta amfanin amshin da ake maimaitawa a waƙar.

Akwai wani abu ƙarami da na ga malamin ya kula da shi wanda ba kowa zai kula ba. Mu nan mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu kar su kalli babba cikin ido, musamman mata, to rana ɗaya a ce musu sai sun kalli jama'a in suna magana, da wuya. Bai tsaya yi musu faɗa ba, ya ce su zaɓi wuri uku a bangon baya, dama da tsakiya da hagu, daidai saman kan mutane, su dinga kai ido can, mai kallo zai zaci shi ake kallo. Ya kuma hana a yi wa kowa dariya a satin farko ko me ya faɗa. Wata mai niƙabi da take cikinsu ba a ce ta cire ba, aka ce ta ɗaga murya ta yi amfani da hannu, kuma tana cikin waɗanda suka fi iyawa.

To yanzu ga inda ban ji daɗi ba, kuma da yawa.

Na farko tallar da suka yi. A takardar da suka raba an rubuta cewa shiri ne na cin A1 a WAEC, alhali jarrabawar litireca ta WAEC babu inda ake tsayar da yaro ya yi magana, takarda uku ce duk a rubuce, ta farko tambayoyi 50 na zaɓi, ta biyu rubutu a kan ƙagaggun labarai, ta uku rubutu a kan wasan kwaikwayo da waƙa. Kai ko a turanci ma takardar da ake kira ta baka fensir ake sawa a cike. Ba ina cewa maganar ba ta taimakawa ba, ta taimaka ƙwarai wajen sanin littafi, amma sanin abu a baki daban zama ka rubuta shi shafi biyu cikin tsari agogo yana tafiya daban. Duk tsawon hutun nan ba a sa yarinyar nan ta rubuta amsa guda ɗaya cikakkiya an yi mata makin ba. Na samu malamin na ce Malam yaushe za a fara rubutu, ya ce Hajiya in yaro ya iya faɗa zai iya rubutawa, na ce Allah ya sa, amma da na ɗauko mata tsohuwar tambayar jarrabawa a gida na ce rubuta min, abin da ta sani yana da yawa amma ta zuba shi ne yadda take magana, ba gabatarwa ba sakin layi, ga kuskuren rubuta kalmomi. Da a ce duk wanda ya gama firzanteshin za a ce gobe ya kawo shi a rubuce da lesin ɗin nan babu kamarsa a garin nan, abu ne da ba zai ci musu ko sisi ba sai lokacin makin.

Sai Shakespeare. Antony and Cleopatra ne a manhajar yanzu, kuma tambaya 20 cikin 50 na takardar farko daga nan suke fitowa, irin waɗanda za a ciro maka 'yan layuka a ce waye ya faɗa, wa yake gaya wa, a ina. Wannan ɓangaren Anti ce ta riƙe shi kuma gaskiya an yi wasa da shi. Sun yi shi a matsayin labaran rediyo, wai wakilinmu daga fagen yaƙin Actium yana ba da rahoton yadda jiragen Cleopatra suka juya Antony ya bi ta, dabara ce mai kyau kuma an yi dariya, amma da turancin yau aka yi shi gaba ɗaya, ainihin layukan littafin ba a taɓa su ba sai wata yarinya da aka sa ta haddace jawabin Enobarbus na kwatanta jirgin sarauniyar a kan kogi, ta rero shi tsaf kamar karatun allo, da aka tambaye ta me yake nufi ta yi shiru. Dokar nuna shafi da malam yake bi a nasa ajin a nan babu ita.

Ita Antin kuma tana da wani hali da ya ɓata min rai, wato tilasta wa yara karya harshe. Gyaran furuci abu ne mai kyau, mun san yaranmu suna haɗa P da F kuma gara a gyara musu tun yanzu, amma ita so take su dinga magana ta hanci kamar 'yan fim ɗin Amurka, in yaro ya faɗi kalma da harshensa sai ta maimaita yadda ya faɗa aji ya yi dariya. Akwai yaron da ya daina zuwa saboda wannan, uwarsa ce ta gaya min. Wanda ake so ya saki jiki ya yi magana ba a fara masa da tsokana.

Makin gurup ma akwai zalunci a ciki, kowa maki ɗaya ake ba shi, a gurup ɗin 'yata yara biyu ne suka yi aikin, akwai wanda rawar da ya taka ita ce ɗan sandan kotu, ya tsaya ƙiƙam da sanda bai ce uffan ba kuma ya tashi da maki daidai da nasu. In yaronki mai laɓewa ne a bayan wasu to zai iya gama lesin ɗin nan bai buɗe baki ba, sai kin bibiya da kanki kin tambaya wace rawa aka ba shi.

Kuɗin kuma ba abin da aka faɗa da farko ba ne. Abin da na biya na rajista da na wata ya kusa rabin kuɗin makarantarta na zango, na ce ba komai, sai ga kuɗin fotokofi, ga kuɗin kwali da maka, ga kuɗin kayan wasa, wai sai an ɗinka baƙar rigar lauya an sayo audugar da za a yi hular alƙali, ranar iyaye kuma aka ce a kawo kuɗin lemo da hayar sifika da maik. Rigar nan sau ɗaya aka sa ta, baƙar abaya da take cikin sif ɗina da ta wadatar. Littattafan ma fotokofi suke bayarwa kuma na 'yata shafuka sun ɓace a tsakiyar fitowa ta uku, ga shi ana cewa a nuna shafi, dole na je na sayo mata na gaske, ku ma ku sayi na gasken tun farko.

Wajen kansa ba laifi, da tsafta, akwai inda mata za su yi alwala su yi salla kuma ana tsayawa in an kira la'asar. Amma rumfar kwano ce a tsakar gida inda ake taron, ga shi damina, ranar da ruwa ya sauko ba mai jin abin da yaro yake faɗa ko da maik, in an ɗauke wuta kuma aka tada janareto shi ma ƙararsa ta ishe ku. Ba sa tashi a kan lokaci, an ce ƙarfe 5 amma sau da yawa sai gab da magariba, yarinya mace kuma a ce ta tsaya neman adaidaita a wannan lokacin, ni dai ƙanina nake roƙa ya ɗauko ta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bidiyon. Mun yarda a ɗauki yara don su kalli kansu su gyara, ba mu yarda a sa su a Facebook da TikTok ana tallar lesin da fuskokinsu ba. Wata 'yar uwata ce ta turo min ta WhatsApp tana cewa kai ashe 'yarmu ta zama lauya, na ga 'yata a shafinsu da lambar waya a ƙasa ana cewa a zo a yi rajista. Na kira mai wajen na ce a sauke, ya ba ni haƙuri ya sauke a ranar ba tare da gardama ba, wannan kam na yaba, amma na sauran yaran suna nan har yanzu kuma na tabbata wasu iyayen ba su sani ba.

Kafin ki tura musu ko naira ɗaya ki tambaya ajin wa za a saka yaronki, in ba na malamin ba ne ki ce a canza, ki ce a rubuta miki duk kuɗin da za a nema har na ranar iyaye, ki gaya musu a gaban shaida ba ki yarda a sa bidiyonsa a intanet ba. Ni tawa ba za ta koma ba bana tunda jarrabawa ce a gabanta, na samo mata wata malama a unguwa da za ta dinga ba ta tambaya ta rubuta ta yi mata maki duk Asabar, su bi Antony and Cleopatra layi layi. Ƙanenta da zai shiga SS1 shi zan kai in Allah ya kai mu hutu mai zuwa, don shi ma sallama da ƙyar yake yi wa baƙi, sun ce To Kill a Mockingbird za su yi kuma shi ma akwai shari'a a ciki, rigar lauyan dai tana nan na ninke ta.